Ƙofar da ke jikin rautar makarantarmu

Mu 'yan kulob ɗin kwamfuta, duk sanda muka ce za mu shiga rauta, ƙannenmu na aji ɗaya dariya suke yi. Ɗan akwati mai ƙyaftun fitilu, ta ina mutum zai shiga? To, yana da ƙofa. Daga kan kujerarka, ko daga wani gari ma, kana iya canza saitinsa muddin ka san sunan shiga da kalmar sirri.

Tsohuwar ƙofar ita ce Telnet, mai lamba 23. Ba ma ƙaunarta ko kaɗan, don duk abin da ka rubuta a fili yake tafiya, har kalmar sirrin, tamkar wasiƙa ba ambulan. A 1995 wani mai bincike a Finland, Tatu Ylönen, ya ƙirƙiro SSH bayan an saci kalmomin sirri a jami'arsu. Ita SSH, mai lamba 22, hargitsa saƙon take yi, mai laɓe ba zai gane komai ba.

Amma ko ƙofar ƙarfe ce, idan makullinta na hannun kowa, banza ce. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa zagaya intanet tana ƙwanƙwasa ƙofofin Telnet na kyamarori da rautoci. Sunaye da kalmomin sirri kusan 60 kawai take gwadawa, irin su admin da 12345, waɗanda na'urorin suka fito da su daga masana'anta. Dubban ɗaruruwa suka buɗe. Ranar 21 ga Oktoba aka yi wa kamfanin Dyn taron dangi da su, Twitter da Netflix suka ƙi buɗewa ga jama'a da dama a Amurka. Matasa uku ne suka rubuta Mirai, sun kuma amsa laifinsu a kotu a 2017.

Rautar makarantarmu ita ke haɗa ɗakin kwamfuta da ofishin da ake shigar da makinmu, shi ya sa malaminmu bai yarda mu taɓa ta ba. A manhajar Packet Tracer ta Cisco muke gwaji. Mu ba kowa sunansa da kalmar sirrinsa, don a san wanda ya shiga, sannan mu rubuta transport input ssh a layukan vty. Daga nan sai mu gwada shiga ta Telnet, mu ga rautar ta ƙi mu.