Rabon Ɗinki

Kowane ɗinki yana da abin da yake ci. In aka haɗa ƙyalle biyu, allura ba ta bin baki sosai, takan ɗan shiga ciki, abin da ya rage kuwa ya ɓuya a baya. Teloli duka sun san wannan. Amma wanda ya zauna haɗa ƙananan ƙyallaye ɗari biyu domin su zama zanen gado ɗaya, shi ne yake sanin nauyin maganar.

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kaya suka yi tsada a Kamaru. Ƙasar Mayo-Rey ƙasar auduga ce. Kamfanin SODECOTON ne ke saye, a lokacin kuma masaƙar CICAM ta Garwa na saƙa yadi, a kai Duwala a buga masa zane. Duk da haka turmin atamfa ya fi ƙarfin mata da yawa.

A wannan shekara wata gwauruwa a Tcholliré, mai keken ɗinki na ƙafa, tana shirin aurar da 'yarta bayan kaka. Ba ta da kuɗin sabon zanen gado. Abin da take da shi buhu ɗaya ne na ƙyallaye, a ciki har da ragowar zanen mahaifiyarta marigayiya. Ta ƙudura za ta jera su yadda za su fid da taurari. Ta yanka kome murabba'i, santimita 12 kowane gefe: 10 domin a gani, 1 nan 1 can domin ɗinki. Waɗansu ta raba su biyu daga kusurwa zuwa kusurwa, suka zama alwatika, ta haɗa ja da fari. Sa'ad da ta jera su, sai ga na alwatika sun kāsa sauran. Ta ja su da ƙarfi su kai, zanen ya kumbura kamar tasa, tsinin taurarin kuma ya nutse cikin ɗinki.

Ta ɗauki aikin ta kai wa wani tsohon tela a bakin kasuwa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, ko keken ne ya lalace?" Ya aza tef, ya ce, "'Yata, keke lafiyarsa lau. Kin ba gefe huɗu rabonsu, kin hana na biyar."

Ga abin da yake nufi. Ɗinkin da ya ratsa tsakiya a karkace shi ma yana ci. In rabon ɗinki santimita 1 ne, wannan na karkace yakan rage kusan santimita 1 da rabi daga kowane gefe. Saboda haka ƙyallen 12 yakan komo 10 da rabi. Mai son alwatika biyu su ba da 12, sai ya yanka 13 da rabi tun farko, ya ɗinka, sa'an nan ya rage ɗan abin da ya yi saura. Tun ran gini ran zane. Mata masu wannan sana'a a Amurka, inda rabon ɗinki rubu'in inci ne, sukan ƙara kashi 7 cikin 8 na inci saboda wannan dalili.

Tsohon ya ƙara mata abu uku. Na ɗaya, bakin da aka yanka a karkace yana miƙewa, gama an yanke zaren tsaye da na kwance duka. Kada a ja shi a ƙarƙashin allura, dutsen guga kuma a aza a ɗaga, kada a goga. Na biyu, ta manna alama a jikin keke daidai santimita 1 daga allura, ta bi ta kullum. In ɗinki ya zarce da milimita 1 kaɗai, ya ci 2, domin ƙyalle biyu ne. Ɗinki 10 sun ci santimita 2 ke nan. Da yayyafi kogi kan cika. Na uku, tsinin alwatika ya tsaya santimita 1 daga baki, domin ɗinki na gaba ya taɓa shi, kada ya haɗiye shi.

Zanen mahaifiyarta kuwa ta riga ta yanka shi duka, babu wani. Tsohon ya hana ta zubarwa. Ya ce ta farke abin da ta ja, ta yayyafa ruwa ta danne shi, ta rage sauran ƙyallayen su komo 10 da rabi, sa'an nan ta kewaye aikin da yadi mai faɗi domin ya cika gado. Mako biyu ita da 'yar suna farkewa da tsinin allura a gaban fitila. Ran da aka kai amarya, zanen ya kwanta sumul, kowane tauraro da tsininsa.

Mai karatu, in ka ga irin wannan zane, juya bayansa. Wajen kashi ɗaya cikin uku na yadin yana can a ɓoye, ba mai yabonsa, shi ne kuwa yake riƙe da abin da ido ke sha'awa.