Gobarar RK Studios da Darajar Kayan Raj Kapoor

A ranar 16 ga Satumba 2017 gobara ta tashi a RK Studios, gidan shirya fim na jarumi Raj Kapoor da ke unguwar Chembur a birnin Mumbai, ta cinye babban zauren ɗaukar fim na gidan. Ba a rasa rai ba, amma suturun da jarumai suka sanya a fina-finan Raj Kapoor tun zamanin jaruma Nargis, da sauran kayan aikin da iyalansa suka daɗe suna adanawa, sun zama toka. A 2019 iyalan suka sayar wa kamfanin Godrej Properties filin, aka mayar da shi gidajen zama. Wani zai ce to sai me, ai tsummokara ne suka ƙone. Ra'ayina shi ne kayan da jarumi ya bari, da ƙananan bayanan da masoya ke haddacewa game da aikinsa, su ne shaidar yadda aka yi aikin, kuma kuskure ne a bar su a hannun iyali ko attajiri shi kaɗai.

Mu fara da ƙananan bayanan. An haifi Raj Kapoor a Peshawar a 1924, ya kafa kamfaninsa na RK Films a 1948 yana da shekara 24 ba cikakku ba. Tambarin kamfanin, namiji riƙe da goge a hannu ɗaya da mace a ɗaya hannun, an ɗauko shi ne daga wani fage nasa da Nargis a fim ɗin Barsaat na 1949. A Awaara na 1951, wanda ya fito a matsayin alƙalin da ya kori matarsa ya yi watsi da ɗansa shi ne Prithviraj Kapoor, mahaifin Raj na jini, yaron da ya fito a matsayin Raj yana ƙarami kuwa ƙaninsa ne, Shashi Kapoor. Wanda ya san wannan zai kalli arangamar uba da ɗa a gaban kotu da wani ido daban. Haka Shree 420 na 1955: lambar ta fito daga sashe na 420 na kundin dokokin hukunta laifuffuka na Indiya na wancan lokacin, wanda ya shafi zamba, kamar yadda 419 take a Najeriya. Da zarar mai kallo ya gane haka, ya gane cewa tun daga sunan fim ɗin aka fara tambayar ko wane ne ɗan damfara na gaskiya, talakan da yunwa ta tura shi ko attajirin da ake girmamawa.

Suturar ma magana take yi. Hula da ɗangalallen wando da tafiyar da Raj Kapoor ya aro daga Charlie Chaplin su suka gina masa siffar ɗan yawo marar galihu, siffar da ta sa aka ƙaunace shi a Tarayyar Sobiyat da Sin da Turkiyya, inda masu kallo ba sa jin Indiyanci. Mai nazarin da ya samu waɗannan kaya a hannu zai ga irin yadin, da ɗinkin, da launin da aka zaɓa don ya fito da kyau a fim mai baƙi da fari. Gani ya kori ji.

Ƙorafi na farko da za a kawo shi ne ai fina-finan suna nan, mai son Raj Kapoor ya je ya kalla. Gaskiya ne nasa sun tsira, har a Disamba 2024 an sake haska guda 10 daga cikinsu a gidajen silima na Indiya don cikarsa shekara 100 da haihuwa. Sai dai fim ma yana mutuwa. Alam Ara na 1931, fim ɗin Indiya na farko mai magana, ya ɓace, abin da ya rage na shaidarsa hotuna ne da takardun talla. Mafi yawan fina-finan Indiya na zamanin da babu murya su ma haka suka salwanta. Ga irin waɗannan ayyuka, takardar da aka raina jiya ita ce duk tarihin da ake da shi yau. Ko fim ɗin da ya tsira ma, abin da aka gama kawai yake nunawa, ba ya faɗin wahalar da aka sha. Mera Naam Joker na 1970 ya ci wa Raj Kapoor kusan shekara 6, tsawonsa ya haura awa 4 da hutu biyu, ya faɗi a kasuwa ya bar shi da bashi, sai Bobby na 1973 ya fitar da shi kunya. Wannan labari a takardun kamfani da jaridun lokacin yake, ba a jikin allo ba.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi: harkar ta koma kasuwar masu kuɗi da wuce gona da iri wajen son jarumai. A 2016 an sayar da rigar da jaruma Marilyn Monroe ta sanya a bikin zagayowar ranar haihuwar Shugaban Amurka Kennedy na 1962 a kan dala miliyan 4.8, sannan a 2022 masu ita suka ara wa Kim Kardashian ta sanya zuwa wani biki, abin da ya fusata masana adana kaya. Na yarda akwai almubazzaranci a nan. Amma wannan hujja ce a kan wanda ya kamata ya riƙe kayan. Abin da ke ɗakin ajiyar iyali wuta ɗaya ta ishe shi, wanda ke hannun ɗan kasuwa kuma riba ce ke yanke masa hukunci. Shi ya sa aikin Ma'adanar Fina-finai ta Ƙasa da Indiya ta kafa a Pune a 1964, da na gidauniyar Film Heritage Foundation da Shivendra Singh Dungarpur ya kafa a 2014, ya fi gwanjo amfani: a rubuta kowane kaya, a kare shi daga zafi da danshi, a bar ɗalibi ya gani.

Maganar ba ta yi mana nisa ba. Fina-finan Indiya da aka yi shekaru ana kallo a silimomin Kano da Kaduna da Jos suna cikin abin da ya shayar da masana'antar Kannywood, wadda ake lissafin farkonta daga Turmin Danya na 1990. Kaset ɗin bidiyon da fina-finanta na farko ke ciki ba ya jure zafi da ƙura, kuma na'urar kunna shi tana neman gagarar samu. Duk mai kaset, ko fosta, ko rubutaccen labarin fim na wancan zamani, kada ya zubar. Ya ɗauki hotonsa, ya rubuta sunan fim ɗin da shekararsa da waɗanda suka yi shi, ya nemi ɗakin karatu ko jami'ar da za ta karɓa tun kayan suna da sauran ƙarfi.