Dutsen Kagoro, da Dutsen da Ya Fi Shi

Wanda ya tashi daga Kafanchan ya nufi gabas, ba zai yi nisa ba sai ya ga wani babban dutse ya tare masa gaba. Dutsen Kagoro ke nan, a kudancin Jihar Kaduna. Garin yana kwance a gindinsa, gonakin citta da acca da dawa suna kewaye. Da damina gajimare yakan sauko ya rufe kan dutsen, ruwa ya yi ta gangarowa ta kowane kwari.

A lokacin hutu muka hau shi, ni da manyan yaran makarantarmu, wani dattijon ikkilisiya yana yi mana jagora. Hanyar siririya ce, a wani wurin ma sai mutum ya dafa da hannu biyu. Da muka yi nisa ya nuna mana bakin wani kogo, ya ce, "Malam, a irin wannan kakanninmu sukan ɓoye mata da yara in an hango mahara." A zamanin kamun bayi doki ba ya iya hawa nan, maza kaɗan masu kwari da baka sun isa su tsare mashigi. Da haka mutanen Kagoro suka riƙe 'yancinsu har zuwan Turawa.

Wani yaro ya ce, "Baba, ashe su ba su san tsoro ba!" Dattijon ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗana, dutse ya tsare mu daga doki, amma tsoron maita da na mutuwa tare da mu suka kwana cikin kogon." Maganarsa gaskiya ce. Haka ma kishi da ƙiyayya da ramuwa, ba su bukatar hanyar hawa, gama a zuciya suke zama.

Daga can sama ana hangen rufin majami'u da makarantar Littafi Mai Tsarki wadda mishan na SIM ya kafa wajen 1930, inda aka horar da fastoci da masu bishara da yawa. Sarki Gwamna Awan, mai bi ne, ya riƙe sarautar garin daga 1945 har rasuwarsa a 2008. Bishara ta kawo abin da dutse ya kasa bayarwa, wato gafarar zunubi da begen tashi daga matattu.

Amma kada mu ce wahala ta ƙare. A watan Maris 2022 'yan bindiga suka auka wa ƙauyukan Kagoro, aka kashe mutum fiye da 30, aka ƙone gidaje. Ina tsaron Allah a ranar? Ubangiji bai yi alkawari takobi ba zai taɓa jikinmu ba. Istifanus ma jifa aka yi masa har ya mutu. Alkawarinsa shi ne ba zai rabu da mu ba, ko cikin rai ko cikin mutuwa. Bayan irin wannan masifa maƙiya biyu ke jiran mai bi: tsoro, wanda ke hana shi barci da addu'a, da kuma ramuwa, wadda ke sa shi ƙin maƙwabcin da bai yi masa kome ba. Daga dukansu biyu Almasihu yake tsare wanda ya fake gare shi.

Ya ɗan'uwa mai karatu, mene ne dutsenka? Laya ce, ko kuɗi, ko katangar gida? Yau da dare ka tara iyalinka, ku karanta Zabura 18 da Romawa 8:31-39 da 12:17-21. Ku ambaci abin da kuke tsoro da sunansa a gaban Ubangiji, ku roƙe shi ya tsare zukatanku daga mugunta, sa'an nan ku kwanta cikin salamarsa.