Maƙwabci Ya Karɓa a Hannu, Ɗan Ƙanwa Sai Ya Bi Ta Shago

Kai jama'a! Ashe a jihar Texas mutum yana iya ɗaukar ƙaramar bindigarsa ya miƙa wa maƙwabcin da ya tare shekaranjiya, babu takarda babu bincike, muddin bai da dalilin zaton doka ta hana mutumin riƙe makami. Amma ya ba ɗan ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya yi wa huɗuba da bakinsa, in dai yaron a wata jiha yake zaune, to laifi ne na tarayya mai kai mutum gidan yari har shekara biyar. Shi da ya bayar, da wanda ya karɓa ya tsallaka da ita, duka biyun.

Ga yadda na sani. Kawu ya yi ritaya a Houston, yana haɗa kayansa zai koma Zariya. Komai ya sami wurin zuwa sai fistol ɗinsa. Gida dai ba za ta ba, don dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun bindigogi, waɗanda sai da lasisin shugaban ƙasa ake riƙewa. Ya ce, "Kai za ka riƙe ta, ɗana. Ka sa a but ɗin mota ka tafi da ita Baltimore." Muka biya wani shagon bindiga don sayen akwati mai makulli, muna hira da mai shagon, Kawu ya ba shi labari yana murna. Bawan Allah ya ajiye akwatin, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye ni wace jiha ce ta ba ni lasisin tuƙi. Na ce Maryland. Ya ce to wannan bindiga ba za ta bi ni a mota ba.

Daren nan ban runtsa ba sai karatu. Tushen abin dokar 1968 ce, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a watan Oktoba, watanni kaɗan bayan an harbe Martin Luther King a Afrilu, aka harbe Robert Kennedy a Yuni. Tun kafin nan ma ana ta ƙorafi, domin bindigar da Lee Harvey Oswald ya kashe Shugaba John Kennedy da ita a 1963, ta wasiƙa ya yi odarta daga wani shago a Chicago, da sunan ƙarya, a kan kusan dala 20, aka aiko masa ta gidan waya. Majalisa ta ce daga yau bindiga ba ta tsallaka iyakar jiha daga hannun wani zuwa hannun wani sai ta bi ta wurin dillali mai lasisin tarayya. Kuma dokar ba ta san zumunta ba. Uba da ɗa, wa da ƙane, kawu da ɗan ƙanwa, duk baƙin juna ne a wurinta. Doguwar bindiga tana da ɗan sauƙi, kana iya karɓarta a shagon wata jiha idan dokokin jihohin biyu sun yarda. Ƙarama kuwa, dole sai a shagon jihar da kake kwana.

Abin da ya sa na tashi zaune a kan gado shi ne keɓewar da aka yi. Gado! Idan mai bindiga ya rasu ya bar maka ita a wasiyya, ko rabon gado ya faɗo da ita hannunka, dokar tarayya ta yarda ka je ka ɗauko abarka ba tare da dillali ba, muddin jiharka ta halatta maka riƙewa. Da safe na karanta wa Kawu wannan wuri. Ya yi shiru, ya ajiye kofin shayi, ya ce, "Wato sai na mutu za ta zama taka cikin sauƙi? Allah ya sawwaƙe. A biya kuɗin shago."

Sai kuma na ci karo da shari'ar Bruce Abramski, nan jikina ya yi sanyi, don labarin kawu ne da ɗa. Tsohon ɗan sanda ne a Virginia. A 2009 kawunsa da ke Pennsylvania ya so fistol Glock 19, Abramski kuma yana ganin zai samu ragi da tsohon katinsa na aiki. Kawun ya aiko da cakin dala 400. Abramski ya je shago, a fam ɗin da ake cikewa aka tambaye shi ko shi ne ainihin mai saye, ya ce e. Daga baya ya kai bindigar Pennsylvania, ya miƙa ta ta hannun dillali, aka binciki kawun aka same shi fes. Duk da haka aka kama shi da laifin ƙarya a fam. Magana ta kai Kotun Ƙoli, a 2014 alƙalai biyar suka tabbatar da hukuncin, huɗu suka ƙi. A ganina huɗun ba su yi wauta ba, tunda babu ɗan ta'adda ko ɗaya a labarin. Amma hujjar masu rinjaye ma tana da nauyi: idan kowa zai iya tsayawa a gaban kanta a madadin wani, binciken ya tashi a banza. Kyauta ta gaskiya, wadda ka saya da kuɗinka, ba ta shiga wannan tarko ba.

To ga hanyar da ta rage. Kawu ya kai bindigar shago a Houston, su suka aika wa wani shago kusa da ni, tunda tun 1927 aka yi dokar da ta hana mutum irina da irinsa jefa ƙaramar bindiga a gidan waya. Kowane shago da ladansa. Daga nan Maryland ta buɗe nata littafin. Tun 2013 sai ka mallaki lasisin cancanta kafin ka karɓi fistol: horo na awa huɗu, a ɗauki zanen yatsunka, 'yan sandan jiha su tantance ka. Sannan sai a duba ko samfurin bindigar yana cikin jerin waɗanda jihar ta amince da su. Sannan fam mai lamba 4473 na ATF, hukumar bindigogi ta tarayya, wanda ke tambayarka ko an taɓa ɗaure ka, ko kana shan wiwi, ko kotu ta taɓa kama ka da dukan iyali. Akwai tambayar da ta shafi mutanenmu kai tsaye: mai takardar zama ta dindindin yana iya karɓa, amma ɗalibi ko ɗan ziyara da ya shigo da biza an hana shi, sai in ya faɗa cikin 'yan keɓe-keɓe kamar riƙe lasisin farauta. Bayan duk wannan, a ce ka koma gida ka jira kwana bakwai.

Ina tsakiyar wannan hidima mai shagon Houston ya kira Kawu da wata sabuwa. Gidan harsashin bindigar yana cin 15, Maryland kuma ta hana a miƙa wa kowa wanda ya wuce 10 a cikin jihar, don haka shagon Maryland ba zai ba ni shi ba ko ya iso. Aka cire shi aka bar shi a Texas, bindigar ta taho ba shi. Yanzu haka tana kulle a shagon Maryland, ni kuma na ba da odar mai cin goma, Kawu yana ta bugo waya daga filin jirgi yana tambaya ko 'yan sandan sun amsa.