Venis: Birnin Da Baƙi Suka Fi 'Yan Gari Yawa

Duk wanda ya sauka daga jirgin ƙasa a tashar Santa Lucia, ruwa ne zai fara yi masa maraba. Birnin Venis, a arewa maso gabashin Italiya, yana zaune ne bisa tsibirai 118, gadoji fiye da 400 suka haɗa su. Ba a shiga lungunansa da mota, sai dai a ƙafa ko cikin kwalekwale.

Kowace shekara, kafin Kirista su kama azuminsu na kwana 40, akan yi wajen mako biyu ana shagali. Dandalin San Marco yakan cika maƙil da mutane sanye da tufafin dā, kowa fuskarsa a rufe. A zamanin dā, rufe fuskar nan shi ke bai wa talaka damar cuɗanya da attajiri ba wanda ya shaida wani. Bikin ya mutu bayan Napoleon ya ci birnin a 1797, sai a 1979 aka farfaɗo da shi.

Amma fa wanda ya ratse daga dandalin da almuru, zai tarar da lunguna tsit. A 1951 mazauna tsohon birnin sun kusa 175,000, a 2022 kuwa ba su kai 50,000 ba. Tsadar haya da ambaliyar ruwa sun kora da yawansu zuwa Mestre a kan tudu, gidajensu sun koma masaukin baƙi. Ran da biki ya watse, a nan ake gane nawa suka rage.