Tsuntsayen da Malam ke Lissafin Shekara da Su

Bahaushen karkara ba ya ware rana don kallon tsuntsaye. Yana ganinsu ne a kan hanyarsa ta zuwa gona ko masallaci ko kasuwa, kuma a hakan yake tara sani mai yawa game da su. Akwai wani tsohon malamin firamare da aiki ya zagaya da shi Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a kudancin Jihar Katsina, wanda bai taɓa karanta littafi a kan tsuntsaye ba, amma da su yake lissafin shekararsa.

Shamuwa ce farkon lissafin. Idan zafin bazara ya kai matuƙa, wajen watan Afrilu zuwa Mayu, sai a wayi gari a gan ta a kan tsamiya ko kukar tsakiyar gari tana jidar ƙirare. Daga ranar malam ya san yara za su fara raguwa a aji, domin iyaye sun shiga sharar gona da kai taki. Ba a jifar shamuwa, ba a kuma taɓa ƙwanta. Yaron da ya gwada, dattawan unguwa ne za su tsawata masa tun kafin labari ya kai gidansu. Hikimar wannan hani a fili take, tunda fara da tsutsotsin da ke cin shuka su ne abincinta. Idan damina ta ja baya sai ta tashi zuwa kudancin Afirka, ƙasashe irin su Zambiya da Zimbabuwe, inda ruwa ke sauka a lokacin da ƙasar Hausa ke cikin ɗari.

Sauran tsuntsayen kowa da lokacinsa. Balbela takan bi bayan garmar shanu tana tsintar abin da huɗa ta tono. Marai yakan cika bishiya da saƙa da surutu a tsakiyar damina. Da gero ya fara ido kuwa, sai jan baki ya sauko garke-garke, a tura yara gona da gwangwani da majajjawa, aji ya sake yin fayau. Malam bai taɓa son jan baki ba, kuma da wuya a sami manomin da zai ga laifinsa.

Tsuntsun da ya fi tsaya masa a rai shi ne wanda ya daina gani. A da, babu mahautar da za a je, ko a kasuwar Sheme ko a Ƙanƙara, da ba a tarar da ungulu jere a kan katanga suna jiran a watsar da tumbi ba. Su ne ke share mushe kafin ya yi wari ya jawo cuta. Yau sai a shekara ba a ga ko ɗaya ba. Masu neman kanta da ƙafafunta don haɗa magani sun bi ta da tarko da guba, har a shekarar 2015 aka sanya ta cikin jerin tsuntsayen duniya da ke dab da ƙarewa. Ran da malam ya rubuta wa 'yan aji shida karin maganar nan, ungulu ba ta jewar banza, sai da ya zana ungulun a allo, domin yawancinsu ba su taɓa ganinta ba.

Yaran ma hanyarsu ta sanin daji ta ƙuntata. Tun da 'yan bindiga suka addabi yankin, musamman bayan sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, iyaye da yawa suka hana 'ya'yansu zuwa gonaki masu nisa da kiwo a bakin daji. Can ne kuwa yaro ke koyon bambanta kukan fakara da na zabon daji, ya ga burtu yana takunsa na ƙasaita, ya ga carki a bayan saniya.

Don haka malam ya koma ga abin da ke cikin gari. Yakan fitar da yara gindin darbejiyar makaranta, kowa ya faɗi sunan tsuntsun da ya gani tun safe, a rubuta a allo: kurciya, hasbiya, hankaka, tsattsewa, shirwa. Wanda aka rasa sunansa, sai a ba yaro aikin gida ya je ya tambayi kakarsa.