Injin Yanka Makulli

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in gaya wa 'yan'uwa abin da ya same ni.

Shekara biyu na yi ina koyon gyaran kwado da zarto. Da maigidana ya sallame ni, sai na kwashi ɗan abin da na tara na nufi Sabon Gari neman inji. Aka nuna mini wani babba mai yanka makullin mota, raina ya biya. Maigidana ya ce, "Yaro, wa zai ba ɗan koyo makullin motarsa? Na kwado da na ƙofa su ne abincinka."

Na sayi ƙarami mai baki biyu. Ɗaya ya riƙe makullin asali, ɗaya ya riƙe sabon. Wani tsinke yana bin haƙoran na asali, faifan ƙarfe kuwa yana fitar da irinsu a jikin sabon. Saboda ɗoki ban gwada ba na biya, ashe tsinken da faifan ba su daidaita ba. Makulli 11 na ɓata. Wata tsohuwa sau uku tana komowa, ɗakinta ya ƙi buɗuwa, kunya kamar in nutse.

Maigidana ya ɗaura sababbin makullai biyu, ya yi ta juya kusar tsinken har tsinke da faifai suka taɓa su lokaci guda. Tun ran nan ba wanda ya komo da kuka.

Yanzu faifan ya soma dakushewa, gama makullin baƙin ƙarfe ya fi na tagulla cin sa. Wanda ya san inda ake wasa shi, don Allah ya sanar da ni ta wannan jarida.

Wassalam,
Sabon Maƙeri, Kano.